Alƙahirar Mai Zama da Alƙahirar Mai Wucewa

Mutanenmu da ke zuwa Alƙahira iri biyu ne tun da can. Akwai mai wucewa: ɗan kasuwa, ko alhajin da jirginsa ya ya da zango, ko wanda ya kawo mara lafiya asibiti ya samu sararin yini guda, ya je dala ya hau raƙumi aka ɗauke shi hoto. Akwai kuma mai zama, wanda galibi ɗalibi ne, ya sauka da ƙullin kuka da daddawa da yaji a ƙasan akwati, ya san shi da gida sai shekaru sun juya. Ni mai zama ne daga 2005 har bayan juyin juya halin 2011, ina karatu a Azhar. A ƙarshen 2025 jinyar yayata ta sake kai ni, na yi watanni ina kai-komo tsakanin asibiti da gidan haya. Abin da na tarar shi ne birnin ya yi wa mai wucewa kwalliyar da ban taɓa zato ba, mai zama kuwa ya tsuke masa wuri. Ba da ƙiyayya nake faɗin haka ba. A garin nan na mallaki hankalin kaina, kuma ina ƙaunarsa har gobe.

Da gurasa ya kamata a fara, domin a kanta rayuwar talakan Masar ta ɗoru. Gurasa ce mai faɗi, da dusa a ƙasanta da aljihu a cikinta. Wanda ya san gurasar Kano zai gane dangi ne. Lokacin da na isa, ƙirshi 5 ake sayar da guda, wato fam ɗaya ya ba ka ashirin, kuma gwamnati ce ta riƙe farashin a haka tun ƙarshen shekarun 1980. Mai saye ba ya shiga gidan gurasa. 'Yar taga ce mai ƙarfe, layin maza daban na mata daban. Ka miƙa kuɗi, a turo maka ita tana tururi, sai ka nemi wuri ka baza ta ta sha iska, don in ka cusa ta leda da zafinta za ta yi gumi ta manne. Shi ya sa da safe za ka gan ta a shimfiɗe bisa dakali, ko a bayan motar da wani ya ajiye. Samari masu keke kuma suna ratsa cunkoso da dogon faifan sandunan dabino a ka, shaƙe da gurasa, hannu ɗaya na tallafe da shi, ɗaya na riƙe da kan keke.

A 2008 alkama ta yi tsada a duniya, layin ya miƙe har ya sha kwana. Mutane suna fitowa tun kafin kiran assalatu, ana faɗa, har rayuka suka salwanta a wasu wurare, sai da gwamnati ta sa sojoji suka shiga gasa gurasa. Dattawan da muke tsayuwa tare suna ba mu labarin Janairun 1977, lokacin da Shugaba Sadat ya rage tallafin abinci, jama'a suka cika tituna, cikin kwana biyu ya janye. Duk tsananin wannan layi, babu wanda ya taɓa tambaya ta takarda. Mai fam ɗaya a hannu mutum ne kamar kowa. A 2014 aka kawo tsarin kati, kowane ɗan ƙasa mai katin tallafi yana da gurasa biyar a rana. Tsarin ya yi amfani, ya kashe dogon layi, ya rage karkatar da fulawa zuwa kasuwar bayan fage, kuma ba zan ce ƙasa ba ta da haƙƙin fifita 'ya'yanta ba. Amma tun daga ranar ɗalibi baƙo ya fita daga layin, sai ta kasuwa, wadda ta ninka waccan sau da yawa. A watan Yunin 2024 ita ma ta tallafin ta tashi zuwa ƙirshi 20.

Kusa da gidan gurasa ba a rasa amalanken mai ful. Wake ne manya da ake dafawa dare guda a cikin wata doguwar tukunya mai ƙaramin baki, a kwaso da ludayi mai dogon hannu, a dama shi da mai da gishiri da lemon tsami. A tsaye ake ci, kafaɗa da kafaɗa da direban tasi da leburan gini da ma'aikacin gwamnati mai taye, kowa na yagar gurasa yana dangwala, ga ɗanyar albasa da tsamin kayan lambu a tsakiya. Da rana akwai ɗa'amiyya, wadda ake soyawa da niƙaƙƙen waken, ko koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir. A wancan zamani dalar Amurka ɗaya ba ta kai fam 6 ba, ɗalibin da aka aiko wa dala ɗari daga gida ya yi sallama da yunwa har wata ya mutu. A Nuwamban 2016 aka saki fam ya nemi darajarsa a kasuwa, ya zube. A Maris ɗin 2024 dala ta kusa fam 50. Sai mutum ya ce ai wannan gaba ta kai mai karɓar kuɗi daga waje. To amma uban yaron a Kano ko Sakkwato naira yake samu, ita ma dalar da take wajen naira 120 a 2008 ta haura 1,500 a 2024. Wuta ta kama ta gaba da ta baya.

Wanda ya samu gurbin tallafi a cikinmu, Bu'us yake zama, wato unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje da ke kusa da Abbasiyya, a ba shi gado da abinci. Sauranmu mukan haɗa kuɗi mu kama ɗaki a bene, yawanci a Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr, inda in ka fito da yamma za ka ji Hausa da Barbarci da Yarbanci da yaren Somaliya da na Indonesiya duk a kan titi ɗaya. A nan na koyi cewa mabuɗin zama a Alƙahira yana hannun bawwab, mai gadin bene. Namu mutumin Sa'id ne, can kudancin Masar, da jallabiya mai faɗin hannu da rawani, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Shi ke share matakala, shi ke kawo mai gyaran famfo, shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da ƙarfe nawa. In ya yi maka shaidar kirki, unguwa ta karɓe ka. A bakin 'ya'yansa na koyi Larabcin titi, domin wanda na zo da shi daga zaure na littafi ne, bai isa ciniki da mai tumatir ba.

Unguwa tana da sautinta, kuma kunne kan saba da shi kafin ido ya saba da hanya. Mai tukunyar gas yana tafe yana dukan ƙarfe da sifana. Mai sayen tsofaffin kaya yana jan amalanke yana kiran "bikya". Matan bene ba sa sauka don ƙaramin cefane: kwando ne da igiya, a zuro shi daga baranda da kuɗi a ciki, mai shago ko mai kayan miya ya zuba, a janye sama, ciniki kuwa da murya ake yin sa daga hawa na biyar, duk titi na saurare. A kowane shago, kusan kowace safiya, rediyon Alƙur'ani na Alƙahira ne a kunne, tashar da aka buɗe tun 1964, muryar Husari ko Minshawi ko Abdulbasiɗ, waɗanda muka taso muna jin kaset ɗinsu a gida.

Akwai ladubban da babu littafin da zai koya maka su. In ka wuce mutum yana cin abinci ko shan shayi zai ce maka "itfaddal", wato bismillah, kai kuma ka dafa ƙirji ka yi godiya ka wuce; sai ya maimaita ya nace kafin ka san da gaske yake. In ka miƙa wa mai shago kuɗi yakan ce ka bar shi kawai, kai kuma dole ka matsa sai ya karɓa, domin girmamawa ce yake yi maka, ba kyauta ba. Mace ba a kiran sunanta a titi, sai uwar wane. In an yi rasuwa, akan tare layin unguwa da babbar rumfa mai zane ja da shuɗi, a jera kujeru, a ɗauko makaranci. Ka shiga ka gaisa da masu makoki da ke tsaye a bakin ƙofa, ka zauna, a kawo maka gahawa marar sukari, kuma ba ka tashi sai makaranci ya kai aya ya dakata. Da mahaifin mai gidanmu ya rasu, bawwab ne ya hau sama ya ce mana, "Ya shehunai, ku sa kayanku masu kyau ku sauko." Muka sauko da manyan riguna da huluna. Tun daga daren nan mutanen layin suka fara gaishe mu da suna.

Ba duka zuma ba ce. Baƙar fata a Alƙahira yana shan kira a titi, yara da wasu manya su bi shi da sunayen da suka shafi launinsa, wani da sunan wasa, wani da nufin cin fuska. 'Yan'uwanmu mata sun fi mu shan wannan, kuma abin yana da ciwo, bai kamata a rufe shi ba don ana yabon gari. Amma a garin nan dai na ga daren 28 ga Janairun 2011 da dararen da suka biyo baya. An katse intanet, 'yan sanda sun janye daga tituna, ana ta jita-jitar ɓarayi. Kowace unguwa ta kafa 'yan sintirinta. Muka fito da sanduna muka tsaya a bakin layi tare da maƙwabta, an hura wuta saboda sanyi, matan bene suna zuro shayi a cikin kwandunan nan. Wani dattijo da bai taɓa yi mini magana ba ya kama hannuna ya ce, "Ya ibni, ka gaya wa mahaifiyarka kada ta damu, kana cikin mutanenka." Ranar 11 ga Fabrairu Shugaba Mubarak ya sauka daga mulki, ba a jima ba tashar jirgin ƙasa da ke ɗauke da sunansa ta koma Shuhada.

Azumi kuwa sai wanda ya gani. Fitilun fanus a kowace ƙofa, igwa tana tashi a sha ruwa, mai ganga yana zaga unguwa da dare yana tayar da mutane sahur. Masu hali suna jera tebura a gefen titi, wanda ake kira ma'idatur Rahman, kowa ya zo ya zauna ba tambaya. Da yawa daga cikinmu ba mu ɗora tukunyar buɗa-baki ba duk watan. Samari suna tsayawa a mahaɗar hanya suna jefa wa direbobi dabino da ruwa ta taga. Wannan, alhamdu lillahi, ɗalibai sun tabbatar mini yana nan, ko da yake naman cikin farantin ya ragu.

Hanya ce ta fi komai canzawa a idona. A zamaninmu jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne irinsa na farko a Afirka, fam ɗaya ne ko'ina za ka, daga 2006 har 2017. Akwai taragon mata zalla. Akwai ƙananan bas-bas da ake tarewa da alamar hannu, kowace unguwa da irin tata alamar, kuɗin mota kuma daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da kuɗin ya bi. Yanzu an ƙara layin jirgi na uku, wanda ya fara aiki a 2012, tikiti mafi araha ya kai fam 8 a 2024, tsofaffin tasi masu launin baƙi da fari sun ɓace, ana kiran mota ta waya. Gadojin sama sun rufe sararin samaniya. Daga filin jirgi zuwa otal, tafiyar da kan cinye rabin yini yanzu ba ta da wuya, kuma mai jinya irina ya ci moriyar wannan, ina godiya. Amma an faɗaɗa tituna ne da sare bishiyoyi da cinye gefen da mai ƙafa ke bi. A unguwar Misrul Jadida, inda muke zuwa shan iska ƙarƙashin inuwa, an cire layin tsohon jirgin cikin gari, an share bishiyoyin tsakiyar titi. Na ga tsohuwa da jikanta a bakin wani titi mai layi shida sun daɗe a tsaye, sun rasa ta inda za su tsallaka. Mai zama da ƙafa yake sanin gari, kuma ƙafa ce aka fi tauye wa haƙƙi.

Yawon buɗe ido kuwa, gaskiya mu ɗalibai ba mu cika yin sa don kanmu ba, sai baƙo ya zo daga gida an ce mu raka shi. Buƙatar baƙonmu biyu ce, ba ta canzawa: a kai shi dala, a nuna masa gawar Fir'auna. Dalar Khufu a Giza ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146, kuma duk yawan zuwan da na yi ban taɓa tsayawa a gindinta ban yi tasbihi ba. Gawawwakin sarakuna a lokacin suna wani ɗaki a benen tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, ginin 1902, mai cike da ƙura da akwatunan gilashi da aka cunkusa. Baƙo yakan tsaya a kan Ramsis na Biyu ya yi ta jan salati, ko da yake masana ba su haɗu a kan wanne ne Fir'aunan Annabi Musa ba, wasu ma ɗansa Marnabtah suke nunawa. A Afrilun 2021 aka kwashe gawawwaki 22 cikin gagarumin jerin gwano zuwa sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ. Ranar 1 ga Nuwamban 2025 kuma aka yi bikin buɗe Babban Gidan Tarihin Masar kusa da dala, inda aka tara kayan kabarin Tutankhamun wuri guda, sama da 5,000. Na shiga, kuma abin alfahari ne ga duk ɗan Afirka. A farfajiyarsa na tarar da ƙaton gunkin Ramsis, wanda na fara gani a tsakiyar hayaƙin motoci gaban babbar tashar jirgin ƙasa, kafin a ɗauke shi daga can a 2006. Titin Mu'izz ma an gyara shi, da dare fitilu na haska hasumiyoyi tun daga Babul Futuh har Babu Zuwaila. An sabunta masallacin Azhar da na Sayyidina Husaini da na Sayyida Nafisa da na Sayyida Zainab. Wanda ya zo da kwana uku a hannunsa, wallahi zai koma da labari mai daɗi, kuma ba ƙarya zai faɗa ba.

Namu yawon, na masu zama, wani wuri yake kai mu. Ranar Juma'a bayan an sauko, ko lokacin hutu, mukan haɗu mu nufi Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar da ta miƙe a gindin dutsen Muƙaɗɗam tun zamanin da Amru ɗan Asi ya ci Masar. Wanda bai gan ta ba zai zaci fili ne da tudun kaburbura irin namu. Gari ce sosai, da tituna da lunguna, kowane dangi da shingensu mai ƙofa da tsakar gida, ga ƙubbobin sarakunan Mamluk suna tsaye a tsakani. Talakawa da yawa a cikinta suke zaune, wasu tun kakanni su ne masu kula da kaburbura, za ka ga shanya a kan igiya da yara suna ƙwallo a ƙofar hubbaren wani waliyyi. Ba a sayen tikiti. Sallama kake yi wa mai kula da wurin, ya ɗauko mabuɗi, ka ba shi abin da ya sawwaƙa.

Abin da ke kai mu shi ne malamanmu ne a kwance a wurin. Yaron da ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa, ƙira'ar Warshu ya fara wankewa a allonsa, kuma Imam Warshu Bamisire ne, ya rasu a 197 bayan Hijira, kabarinsa na Ƙarafa. Wanda ya zauna gaban malamin zaure yana jin ana cewa Ibnul Ƙasim ya ce, Ashhabu ya ce, to su ma almajiran Imam Malik ɗin nan suna nan. Shehu Halilu mai Muhtasar a Alƙahira ya koyar, a nan ya rasu. Tafsirin Jalalaini da ake jan baƙinsa a masallatanmu duk azumi, ɗaya daga marubutansa biyu, Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, yana kwance kusa da dandalin Sayyida A'isha, kuma shi ne ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ga ƙubbar Imam Shafi'i da aka gina a 1211, ga Ibnu Aɗa'illah mai Hikam can gindin dutse. Na tuna wani abokinmu ɗan Damagaram, mahaddaci, da muka tsaya a kan kabarin Warshu. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, kuka ya ci ƙarfinsa. Da ya natsu sai ya ce, "Malam, tun ina shekara biyar nake karatu da bakin mutumin nan, ban taɓa tunanin yana da kabari ba."

Mu ma muna da namu a ƙasar. Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan hatimi, bayan ya yi hajji a Alƙahira ya zauna, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. Tun kafin shi, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun riga sun kafa makaranta a birnin don ɗalibansu da alhazansu, kuma a cikin masallacin Azhar akwai ɓangaren da aka san shi da na Barnawa. Sanin wannan yana gyara wa ɗalibi zama. In yaro ya bi ka da ihu a titi da safe, da yamma ka tuna kakanninka sun yi ƙarni bakwai suna tafiya a kan titunan nan da littafi a hammata.

Wannan Ƙarafar ce tun 2020 ake tsagawa da sababbin hanyoyi da gadoji. Ana shafa wa shingen kabari alamar fenti, a sanar da dangi su zo su kwashe ƙasusuwan iyayensu zuwa sababbin maƙabartu a bayan gari, sai katafila ta shigo. Duk da cewa tsohuwar Alƙahira tana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979, aikin bai tsaya ba. Hukuma tana cewa ba ta taɓa gine-ginen da aka yi wa rajistar tarihi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya lalata wurare da dama. Masana gine-gine da masu kishin tarihi na Masar suna amsawa da cewa mafi yawan abin da ke da daraja a wurin ba a taɓa yi masa rajistar ba. A 2023 hankalin mutane ya tashi har wajen Masar da labarin cewa aikin zai kai ga kabarin Warshu, kuma a shekarar ne shugaban ƙasa ya ba da umarnin gina wata sabuwar maƙabarta da za a tara manyan mutane a cikinta. An kuma gyara ƙubbar Imam Shafi'i gyara mai kyau, wannan ma gaskiya ne. Sai dai a ganina darajar wurin ba a ƙubba ɗaya ko biyu take ba. A haɗuwar take: malami kusa da almajirinsa, lungun da ke kai ka daga wannan zuwa wancan, da tsohon mai mabuɗi da ya gaji sanin wanda ke kwance a kowane ɗaki. In aka bar ƙubba ita kaɗai a tsakiyar kwalta aka tashi mai mabuɗin, mai wucewa zai hange ta daga kan gada ya yaba, amma ba za a sake samun mai sallama a ƙofarta ba.

Ɗan yayar tawa yana shekara ta uku a Azhar, shi ne ɗan rakiyata a wannan zuwan. Na nemi ya kai ni wajen Suyuɗi, ya ce, "Kawu, sunan wurin nake ji, ban taɓa zuwa ba." Ban ga laifinsa ba. Safiyarsa ta karatu ce, yammacinsa yana yi wa marasa lafiya 'yan gida tafinta a asibitoci don ya haɗa kuɗin haya, aikin da yawancin abokansa ke yi yanzu. Muka je tare. Hanyar da na sani ta ɓace mini, lungunan da nake bi sun zama fili da tarin ƙasa, sai da muka yi ta tambaya kafin muka isa. Muka yi addu'a, na ba shi labarin wasiƙar Katsina, ya rubuta a wayarsa ya ce zai kawo abokansa.

A hanyar dawowa ya yi mini lissafin zamansa. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako Masar, bayin Allah da aka raba da gidajensu, kuɗin haya a unguwannin baƙi ya yi tashin gwauron zabi. Ɗakin da mu huɗu muke kamawa, yanzu su bakwai ne a irinsa. Baje kolin littattafai na shekara-shekara, wanda muke zuwa da ƙafa a Madinatu Nasr mu dawo da buhu, tun 2019 ya koma can Sabuwar Alƙahira, kuma littafin da muke saye mujalladi goma shi a waya yake karanta shi. Ma'aikatun gwamnati sun tashi zuwa sabon babban birnin da ake ginawa a hamada, wajen kilomita 45 gabas, mai dogon benen da ya fi kowanne tsawo a Afirka. Ya taɓa hango shi daga mota. Wasu abokan karatunsa sun koma ƙauyukan gefen gari inda haya ta fi sauƙi, wasu sun tattara sun koma gida ba su gama ba. Na tambaye shi ko zai tsaya ya yi digiri na biyu kamar yadda mahaifiyarsa ke fata. Ya ce na farkon dai zai ƙarasa in Allah ya yarda, sauran kuma sai ya ga inda canji ya tsaya a baɗi.